Katunan 'Yan Wasa a Amurka: Hauhawar Darajarsu da Faɗuwarta

Gabatarwa

A gidaje da yawa na ƙasar Amurka, idan aka shiga ɗakin ajiyar tarkace, akan tarar da wasu dogayen akwatunan kwali an jera su a lungu, kowanne cike da ƙananan katuna masu ɗauke da hotunan 'yan wasa. Galibin waɗannan katuna an saye su ne tsakanin shekara ta 1987 da ta 1994. Magidanta, da ma'aikatan ofis, da malaman makaranta, da samari masu ɗan abin hannu, su ne suka fitar da kuɗinsu suka saya suka adana, bisa zaton cewa nan da shekara 20 ko 30 za su sayar, su biya wa 'ya'yansu kuɗin jami'a, ko kuwa su sami abin dogaro bayan sun bar aiki. Shekarun sun cika har sun wuce. Da aka kai katunan kasuwa sai aka tarar mafi yawansu ba su kai kuɗin da aka saye su ba, wasu ma babu mai karɓarsu ko da kyauta ne.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana yadda aka yi haka ta faru. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, tsofaffin katuna sun yi daraja domin a zamaninsu ba wanda ya damu da adana su, sababbin kuwa sun rasa daraja domin kowa ya adana nasa.

Kafin a shiga cikin bayani, ya kamata a san irin katin da ake nufi, don kada a ɗauka na karta ne. Wani ɗan kwali ne wanda bai cika tafin hannu ba, tsawonsa inci 3½, faɗinsa inci 2½. A fuskarsa akwai hoton ɗan wasa da sunansa da na ƙungiyarsa, a bayansa kuma akwai taƙaitaccen tarihinsa da lissafin bajintar da ya yi shekara-shekara. Wanda ya taɓa ganin hotunan 'yan ƙwallon ƙafa da kamfanin Panini na Italiya yake bugawa a kowace gasar cin kofin duniya tun daga 1970, ya ga ɗan'uwan wannan kati. A Amurka an fi danganta katunan da besbol, watau wani wasa da ake jefo wa mutum ƙaramin ƙwallo, shi kuma ya maka da kulki, sa'an nan ya zagaya tashoshi huɗu da gudu kafin abokan hamayya su tsinto ƙwallon.

Asalin Katunan

A cikin shekarun 1880 ne kamfanonin taba sigari na Amurka, irin su Allen & Ginter na birnin Richmond da Goodwin na New York, suka fara saka katuna a cikin kwalayen tabarsu. Dalilinsu biyu ne. Na farko, kwalin taba na wancan zamani laushi gare shi, ana bukatar wani abu mai ƙarfi a ciki don kada karan taba ya karye a aljihu. Na biyu kuwa talla ce, domin wanda ya sami hoto ɗaya zai so ya sake sayen wannan tabar don ya sami na biyu. An buga hotunan tsuntsaye, da tutocin ƙasashe, da 'yan wasan kwaikwayo, da kuma na 'yan besbol.

Tsakanin 1909 da 1911 kamfanin American Tobacco ya fitar da wani jeri mai katuna 524. Wannan jeri shi ne ake kira T206, sunan da ya samo asali daga littafin lissafin katuna na wani ma'abocin tara su mai suna Jefferson Burdick, wanda tarinsa yake ajiye a gidan kayan tarihi na Metropolitan a New York. A cikin jerin akwai katin Honus Wagner, ɗan wasan ƙungiyar Pittsburgh, wanda aka dakatar da bugunsa tun ba a je ko'ina ba, domin mai hoton bai ba da izini ba. Wasu sun ce ba ya son yara su riƙa sayen taba saboda hotonsa, wasu kuma sun ce a kan maganar kuɗi aka saɓa. Ko wanne ne dalilin, katunan Wagner da aka sani suna nan a duniya ba su kai 100 ba.

Daga baya sana'ar ta koma hannun masu yin cingam, ta kuma koma kan yara. Kamfanin Goudey na Boston ya fitar da nasa jeri a 1933, Bowman ya biyo baya a 1948, sa'an nan kamfanin Topps na unguwar Brooklyn ya fitar da shahararren jerinsa mai katuna 407 a 1952. Yaro yakan ba da senti 5 a ba shi ɗan ƙunshi na takarda mai kaki, a ciki akwai katuna kaɗan da fallen cingam. A 1956 Topps ya saye Bowman, ya zauna kusan shi kaɗai a kasuwar har shekara 25.

Dalilin Tsadar Tsofaffin Katuna

Abubuwa uku ne suke haɗuwa su ba kati daraja: ƙarancinsa, da yawan masu nemansa, da kuma lafiyarsa, watau rashin lanƙwasa ko yagewa ko dushewar launi. Idan aka auna katunan shekarun 1950 da waɗannan ma'aunai za a ga yadda zamani ya cika musu dukkan ukun ba tare da wani ya shirya ba.

Yaran wancan zamani kayan wasa suka ɗauki katunan. Sukan jefa su jikin bango a gasar wa-ya-fi-kusa, sukan ɗaure su da roba har gefensu ya tauye, sukan cusa su a aljihun wando, wasu kuma sukan maƙala su a wayoyin ƙafar keke don keken ya riƙa ƙara kamar babur. Idan yaro ya girma ya tafi makaranta ko aikin soja, uwarsa takan share ɗakinsa ta zubar da akwatin katunan tare da sauran shara. Waɗanda suka girme su kuwa, da yawa sun tafi cikin tsofaffin takardun da aka riƙa tattarawa don aikin yaƙi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ta haka miliyoyin katuna suka salwanta, waɗanda suka tsira lafiya lau kuwa 'yan ƙalilan ne.

Shi kansa kamfanin bai ɗauke su a bakin kome ba. Kashin ƙarshe na jerin 1952 ya fito a makare, kakar wasa ta kusa ƙarewa, saboda haka ya yi kwantai. Sy Berger, ma'aikacin Topps wanda ya tsara jerin, ya ba da labari da bakinsa cewa wajejen 1960, da suka rasa wurin ajiya, sai ya sa aka loda ɗaruruwan akwatuna a kwalekwalen shara aka juye su a Tekun Atlantika. A cikin wannan kashi ne katin Mickey Mantle yake, mai lamba 311, gwarzon ƙungiyar Yankees ta New York.

Masu nema kuwa sun zo ne daga baya. Yaran da aka haifa da yawa bayan yaƙi, da suka kai shekara 30 zuwa 40 a cikin shekarun 1970 da 1980, sun zama masu albashi da sana'a, sai begen ƙuruciya ya motsa musu. Mutum yakan so ya sake riƙe katin Mantle da uwarsa ta zubar, ga shi yanzu yana da kuɗin saye, ga dubban irinsa suna neman abu ɗaya, katin kuma babu shi. Dole farashi ya tashi. Abin lura a nan shi ne, waɗannan masu saye so suke su mallaka, ba su da niyyar sayarwa, kuma babu wata hanya da za a ƙara yawan katin 1952 a shekara ta 1980.

Shigowar Masu Zuba Jari

Abubuwa huɗu ne suka juyar da wannan sha'awa ta koma kasuwanci. Na farko shi ne littafin farashi. A 1979 wani malamin jami'a masanin ƙididdiga, James Beckett, ya fitar da littafin da ya sa wa kowane kati kuɗi, a 1984 kuma ya fara mujalla mai fitowa wata-wata. Daga nan kowane yaro yana iya buɗe shafi ya ga katinsa ya hau ko ya sauka, kamar yadda manya suke duba farashin hannun jari a jarida. Sai dai abin da aka rubuta a mujalla farashin da mai kanti yake sayarwa ne, wanda yake saye daga hannun mutane ƙasa yake da haka nesa, kuma kaɗan ne suka kula da wannan bambanci.

Na biyu shi ne karyewar babakeren Topps. Kamfanin Fleer ya kai ƙara a 1975, a 1980 kuma wata kotun tarayya ta ba shi gaskiya. Ko da yake kotun ɗaukaka ƙara ta warware hukuncin daga baya, ƙofa ta riga ta buɗe: a 1981 Fleer da Donruss suka shiga kasuwa, Score ya shigo a 1988, Upper Deck kuma a 1989. Shi wannan na ƙarshe ya zo da farin kwali mai santsi, da hoto gaba da baya, da wani ɗan hatimi mai walƙiya don hana jabu, ya kuma sa ƙunshinsa kusan dala 1, watau ninkin abin da saura suke sayarwa.

Na uku shi ne abin da za a iya kira katin fari, watau katin farko da aka buga wa ɗan wasa a shekarar da ya shigo rukunin ƙwararru. An lura cewa irin wannan kati na tsofaffin gwanaye ya fi sauran katunansu tsada. Sai masu wayo suka ce, to, me zai hana a sayi katin fari na yaron da ake kyautata zaton zai shahara, tun yana araha? Nan da nan dillalai suka fara sayar da kati iri ɗaya ɗari-ɗari, har ɗari biyar-biyar, ga mutum guda.

Na huɗu shi ne labarin riba. A ranar 19 ga Oktoba 1987 kasuwar hannun jari ta New York ta faɗi da fiye da kashi 22 cikin 100 a yini ɗaya. A cikin wannan hali jaridu da mujallun harkar kuɗi suka shiga buga labaran da ke nuna cewa katuna sun fi hannun jari riba, suna kafa hujja da farashin tsofaffin katuna. A watan Maris na 1991 shahararren ɗan wasan hokin ƙanƙara Wayne Gretzky, tare da mai ƙungiyarsa Bruce McNall, suka sayi katin Wagner a gwanjon Sotheby's a kan dala 451,000. A wannan shekara kimanin mutum 100,000 suka halarci babban taron masu tara katuna na ƙasa a garin Anaheim na Jihar Kalifoniya. Kantunan da ba su sayar da kome sai katuna sun kai wajen 10,000, cinikin sababbin katuna kuma ya haura dala biliyan 1 a shekara.

Wata 'yar alama da ke nuna yadda abin ya sauya ita ce, a 1992 Topps ya daina saka cingam a ƙunshinsa, domin masu saye suna kukan cewa yana ɓata katin da ya jingina da shi. Da fari kati ne tukuicin mai sayen cingam, yanzu kuwa cingam ɗin ya zama abin da ake gudu.

Ambaliyar Katuna

A nan ne kuskuren lissafi ya shigo. Jama'a sun ga katin 1952 ya yi tsada bayan shekara 35, sai suka ɗauka katin 1988 ma haka zai yi. Sun manta cewa dalilan da suka haifar da waccan tsada duk sun juye.

Ta fuskar yawa, kamfanonin ba su faɗa wa kowa adadin da suke bugawa, kuma babu abin da ya hana su ƙara bugu muddin ana saye. Kwali da tawada araha gare su, injin kuma ba ya gajiya. Wata mujallar 'yan wannan kasuwa ta ƙiyasta cewa a tsakiyar haukan ana buga katuna biliyan 81 a shekara, watau fiye da 300 ga kowane mahaluki a Amurka, babba da yaro. Katuna suka cika kantunan kayan masarufi, da gidajen mai, da ɗakunan sayar da magani. Hausawa sun ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Ta fuskar lafiyar kati kuma, babu sauran mai jefa shi jikin bango. Da an buɗe ƙunshi sai a zura kowane kati cikin leda ko gidan roba. Wasu ma ba sa buɗewa, sukan sayi cikakken jeri na katuna 792 a rufe daga masana'anta, ko akwati mai ƙunshi 36, su ajiye a bisa kabad. Iyaye mata ma sun ji labarin katin Mantle, ba mai zubar da na ɗanta. Saboda haka kusan duk abin da aka buga yana nan, sabo fil.

Ta fuskar masu nema, mafi yawan masu saye don su sayar suka saya. Kowa yana jiran wani ya zo daga baya ya biya fiye da abin da shi ya biya, alhali wanda ake jiran shi ma yana da nasa akwatin a gida.

Katin Ken Griffey ƙarami ya isa misali. Shi ne mai lamba 1 a jerin Upper Deck na 1989, lokacin yana ɗan shekara 19 a ƙungiyar Seattle. Griffey bai ba masu zato kunya ba: ya maka ƙwallo waje da fili sau 630 a rayuwarsa ta wasa, aka kuma shigar da shi zauren gwanayen besbol a 2016. Duk da haka katinsa bai azurta waɗanda suka adana shi ba, domin an buga shi da yawan gaske, kuma kowa ya ɓoye nasa. Idan katin gwani irin wannan bai cika buri ba, ina ga na sauran ɗaruruwan 'yan wasan da ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba?

Faɗuwar Kasuwa

Tun daga 1992 ciniki ya fara ja da baya. Kowane kamfani ya riƙa fitar da jeri iri-iri a shekara guda, farashin ƙunshi kuma ya fi ƙarfin aljihun yara, sai suka koma ga wasannin talabijin da na kwamfuta. Ana cikin haka, a ranar 12 ga Agusta 1994 'yan besbol suka shiga yajin aiki a kan rikicin albashi tsakaninsu da masu ƙungiyoyi. Yajin ya yi kwana 232, har aka soke gasar ƙarshe ta shekara, abin da rabon a gani tun 1904. Jama'a suka fusata da wasan, fushin kuma ya shafi katunan.

Abin da ya ƙarasa tona asirin kasuwar shi ne intanet. A 1995 aka kafa dandalin gwanjo na eBay. A da, mutum yakan shiga kantin unguwarsu ya ga katin Griffey guda biyu a cikin gilashi, ya ɗauka abu ne mai wuyar samu. Yanzu kuwa sai ga ɗaruruwa an baje a lokaci guda, kowane mai shi yana rage kuɗi don ya riga ɗan'uwansa sayarwa. Gani ya kori ji. Farashin mujalla ya tashi daga aiki, domin kowa yana iya ganin ainihin abin da aka biya jiya.

Su kansu kamfanonin ba su tsira ba. Kamfanin Marvel mai buga littattafan zane, wanda ya sayi Fleer a 1992 da SkyBox a 1995, ya kai kansa kotun karyewar arziki a watan Disamba na 1996, kuma asarar katuna tana cikin abubuwan da suka durƙusar da shi. Pinnacle, mai Score da Donruss, ya rushe a 1998. Fleer ya rufe a 2005. Kafin 2008 cinikin sababbin katunan besbol ya sauko zuwa wajen dala miliyan 200 a shekara, mafi yawan kantunan nan kuma an rufe su. Daga 2010 hukumar wasan ta mayar da lasisin bugu hannun Topps shi kaɗai. Masu sha'awar katuna sun laƙaba wa waɗancan shekaru wani suna na ba'a, wanda ma'anarsa ita ce zamanin tarkacen kaki, saboda takardar da ake ƙunshe katunan da ita.

Asarar ma ta fi yadda ake ganinta a ido. Dala 1 ta 1991 tana sayen abin da sai an ba da fiye da dala 2 kafin a same shi a 2024. Ke nan ko wanda ya sayar da katinsa a kan daidai kuɗin da ya saya, ya yi asarar fiye da rabi.

Haɗarin Jingina da Ɗan Adam

Akwai kuma wata hanyar da kati yake faɗuwa, wadda ba ta shafi yawan bugu ba. Darajar kati a jingine take da sunan mai hoton, shi kuwa ɗan adam tara yake bai cika goma ba. A 1991 ƙungiyar Yankees ta ɗauki wani matashi mai jifa, Brien Taylor, a matsayin zaɓi na farko a duk ƙasar, ta ba shi dala miliyan 1.55 na sa hannu. Aka yi rububin katinsa. A watan Disamba na 1993 ya ji rauni a kafaɗa wajen wani faɗa, bai taɓa buga wasa ko ɗaya a babban rukuni ba.

Mark McGwire kuwa ya kai ƙololuwa kafin ya faɗo. A 1998 ya fitar da ƙwallo daga fili sau 70 a kaka guda, ya karya tarihin 61 da Roger Maris ya kafa a 1961. Katinsa na 1985 ya haura dala 100 a wannan shekara. Daga baya zargin shan ƙwayoyin ƙara kuzari ya taso, majalisar dokoki ta kira shi a 2005, shi kuma ya amsa laifinsa a watan Janairu na 2010. Katin ya sauko bai kai kashi 1 cikin 5 na kuɗinsa na da ba.

Ƙarancin da Aka Ƙirƙira da Hauhawar 2020

Kasuwar ba ta mutu ba, sai dai ta nemo hanyoyi biyu na mayar da ƙarancin da ta rasa. Hanya ta farko ita ce ƙayyade bugu. Tun a 1990 Upper Deck ya ɓoye katuna 2,500 masu sa hannun Reggie Jackson a cikin ƙunsunsa, a 1991 kuma Donruss ya fitar da wasu masu lamba daga 1 zuwa 10,000. Kasancewar a lokacin ana ganin 10,000 kaɗan ne, ya isa ya nuna yawan na gama-gari. Daga baya aka kai ga buga kati tilo wanda babu na biyunsa.

Hanya ta biyu ita ce tantancewa. A 1991 aka kafa kamfanin PSA, wanda yake duba kati ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, sa'an nan ya rufe shi cikin roba. An kai masa katin Griffey fiye da 100,000, amma waɗanda suka sami maki 10 ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Irin waɗannan suna haura dala 1,000, sauran kuwa ba su kai kusa da haka ba. Ita ma wannan hanya ba ta rasa aibi ba. Katin farko da PSA ya tantance shi ne na Wagner da Gretzky ya saya, a 2013 kuma dillali Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa ya taɓa datse gefen wannan kati don ya ƙara masa kyau.

A 2020, da annobar korona ta tsare mutane a gida, wasannin kuma suka tsaya, sai kasuwar ta sake ɗaukar zafi. A farkon 2021 an sayar da katin Michael Jordan na ƙwallon kwando, bugun Fleer na 1986 mai maki 10, a kan dala 738,000. Katuna suka yi wa PSA yawa har ya dakatar da karɓar mafi yawansu a ƙarshen Maris na wannan shekara. Kafin 2023 irin wannan katin na Jordan ya koma ƙasa da sulusin wancan farashi, domin masu shi ɗaruruwa ne, kuma tsadar ta fito da su kasuwa. Amma waɗanda ƙarancinsu na gaskiya ne ba su bi wannan hanya ba: a watan Agusta na 2022 an sayar da wani katin Wagner dala miliyan 7.25, da kuma katin Mantle na 1952 dala miliyan 12.6, wanda mai shi ya saya dala 50,000 a 1991.

Kammalawa

An ga yadda katin ɗan wasa ya tashi daga abin tokare kwalin taba, ya zama kayan wasan yara, ya zama abin begen manya, daga ƙarshe ya zama haja. An kuma ga cewa a shekara guda, watau 1991, wani ya sayi kati ɗaya wanda ya ninka kuɗinsa fiye da sau 250, dubban mutane kuma sun sayi akwatuna waɗanda suka zama kayan cika ɗaki. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne, na farkon ya sayi abin da ba a iya ƙarawa, saura kuwa sun sayi abin da injin yake ci gaba da fitarwa. Irin labarin na farkon ne jaridu suke bugawa, shi ya sa ake yi wa rogo ganin kitse.

Ɗalibi ko ma'aikacin da aka yi wa tayin wani abu a kan cewa zai yi tsada nan gaba, yana iya aron tambayoyi huɗu daga wannan tarihi. Nawa ne adadin abin a duniya, kuma an bayyana shi? Wa yake da ikon ƙara shi, kuma me zai hana shi ƙarawa? Masu saye don amfaninsa ko sonsa suke saye, ko kuwa duk don su sayar ne? Farashin da ake faɗa, na rubutu ne, ko kuwa akwai wanda zai ƙirga kuɗin ya miƙa a yau? Waɗanda suka sayi katunan 1988 da sun yi waɗannan tambayoyi, da amsa ta farko kawai ta ishe su, domin kamfanonin ba su taɓa faɗar adadin ba.

Waɗanda ba su yi asara ba su ne waɗanda suka saya don sha'awar wasan, da kuɗin da ba na cefane ba. Su sun riga sun ci ribarsu tun ranar da suka buɗe ƙunshin, kuma da yawa daga cikinsu sun miƙa akwatunan ga 'ya'yansu da jikokinsu su yi wasa da su.